Fitilar goshi mai jan haske: yadda ta yi aiki wajen kallon farautar gizo-gizo da dare

A shagunan kayan lantarki na Babbar Kasuwar Maradi, da kan teburan masu sayar da caja da tocila a bakin titi, akwai wata fitilar goshi ƙirar ƙasar Sin wadda ta wadata a ƴan shekarun nan, har ta zama kayan aikin masu ban ruwa a lambu, da makanikai, da masu gadi, da mahautan da ke fita tun kafin asuba. Ba ta da tsayayyen suna, domin samfuri ɗaya ne ake zubawa a kwalaye masu sunaye daban-daban, saboda haka da siffarta zan bayyana ta: baƙar roba ce mai babban ƙwai fari a tsakiya, da ƙananan ƙwayaye jajaye guda biyu a gefensa, da maɗaurin kai mai talewa, da batir guda ɗaya da ake yi wa caji da wayar USB. Na saye ta jaka huɗu bayan ciniki. Aikin da na saye ta dominsa ba ya cikin waɗanda aka zana a bayan kwalin, wato kallon yadda gizo-gizo ke neman abincinsa da dare a lambunan bakin Gulbi, ni da wasu ɗalibaina na darasin kimiyyar halittu, kuma a kan wannan aikin zan auna ta. Wanda ke neman fitilar canza taya ko ta duba injin ban ruwa yana iya tsayawa a nan, domin ta isar masa, kuma kuɗinta bai yi yawa ba.

Inda ta fi nuna gwaninta shi ne wajen gano gizo-gizon da ke farauta a ƙasa, dangin da masana ke kira Lycosidae, waɗanda ba sa kafa saƙa su jira, sai dai su yi kwanto a bakin rami ko su bi ƙwaro da ƙafa. Idanunsu takwas ne a jeri uku, ƙanana huɗu a ƙasa, manya biyu a tsakiya, matsakaita biyu a sama, kuma a can cikin mafi yawan idanun akwai wata shimfiɗa mai mayar da haske, irin wadda ke sa idon kyanwa walƙiya cikin duhu. Hasken yana komawa ne ta hanyar da ya zo. Shi ya sa mai riƙe da tocila a daidai ƙugunsa zai ratsa lambu gaba ɗaya bai ga komai ba, alhali wanda fitilarsa ke saman girarsa, dab da layin ganinsa, zai tarar ƙasa ta cika da ƴan ɗigo-ɗigon haske kore mai ɗan ratsin shuɗi. Wannan dalili kaɗai ya sa fitilar goshi ta fi tocilar hannu a wannan aiki, komai tsadar tocilar. Babban ƙwan yana kamo walƙiyar ido daga nesa sosai, tun daga wannan gefen fangali zuwa can bayan na gaba, kuma kan fitilar yana lanƙwasuwa ƙasa ya tsaya daram inda aka ajiye shi, ba ya zamewa idan mutum ya sunkuya. Raɓa ma tana ƙyalli a kan ganye, amma nata ƙyallin fari ne kuma ba ya motsi, na gizo-gizo kuwa yakan ɗauke ya dawo duk lokacin da ya juya jikinsa.

A gefen wani fangalin albasa na bi ɗigo ɗaya har na durƙusa a kansa, sai ga mace mai launin ƙasa, tsawon jikinta bai wuce gaɓar yatsa ba, tana jan farin ƙunshin ƙwanta da ke manne a ƙarshen cikinta. Hasken ya fito da ita tsaf, har gashin ƙafafunta da ratsin da ya bi tsakiyar bayanta. Wani ɗan fara ya dira kusa da ita, tazarar da ba ta kai taƙi ba, amma ko gezau ba ta yi ba; ta janyo ƙafafun gaba, ta daskare, ta bar faran ya yi tsallensa ya wuce. Mai lambun, wani dattijo da ke juya ruwa a kusa, ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai ka hana ta cin abincinta, ka tsaya mata a ka da rana a goshinka." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Maganar tasa ita ce babbar tambayar da za a yi wa kowace fitila ta wannan aiki, domin gano gizo-gizo daban ne, ganin yadda yake rayuwa idan bai san ana kallonsa ba kuma daban.

Kafin a gane abin da ya sa hakan ke da muhimmanci, sai an san lissafin da ƙaramar dabba ke yi kowane dare. A shekarar 1990 Steven Lima da Lawrence Dill sun tattara bincike mai yawa a kan yadda tsoron maƙiyi ke juya shawarar dabbobi game da inda za su yi kiwo, da lokacin da za su fito, da abin da za su ci, kuma gindin bayaninsu mai sauƙi ne: dabbar da ta rasa abincin yau tana iya samun na gobe, wadda aka cafke kuwa tata ta ƙare. Gizo-gizo yana tsakiyar wannan lissafi, domin shi mafarauci ne kuma abin farauta. A nan wurinmu ƙadangare na nemansa da rana, tsaka na nemansa a bango da dare, kaji da zabi na tsince shi a ƙasa, kwaɗo na jiransa a bakin ruwa, manyan ƴan uwansa ma ba su bar shi ba. Ko ƙoƙi-ƙoƙi, wadda tatsuniya ta aurar wa Gizo, idan ta same shi a sarari cinye shi take yi. Ɓarnar ƙadangare kuwa an auna ta: a 1983 Thomas Schoener da Catherine Toft sun ba da rahoton cewa a ƙananan tsibiran Bahamas da babu ƙadangaru, yawan gizo-gizo masu saƙa ya ninka na tsibiran da ke da su kusan sau goma.

Maƙiyin da ya fi ba ni mamaki shi ne zanzaro. Akwai nau'in da ke cika ɗakinsa da tsutsa, akwai kuma baƙin nan mai ratsin rawaya da siririn ƙugu, na jinsin Sceliphron, wanda gizo-gizo yake tarawa. Na fasa wani ɗakin laka da aka gina a kusurwar zaure domin in nuna wa ɗalibai, sai ga ƴan gizo-gizo jere a cikin rami ɗaya an cusa su kan juna, jikinsu bai bushe ba, ƙafar wani ma tana ɗan motsi idan an taɓa ta da tsinke, domin harbin zanzaro shanye su yake yi ba tare da ya kashe su ba, don ɗansa ya tarar da abinci ɗanye idan ya ƙyanƙyashe. Dabbar da ke da irin wannan maƙiyi ba za ta yi sakaci da kowane motsi ba. Gashin da ke ƙafafunta yana jin kaɗawar iska, wasu ƴan tsage-tsage a fatar ƙafar suna jin girgizar ƙasa, kuma a 2016 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna cewa wani gizo-gizo mai tsalle yana jin sauti daga nisan mita 3, yana kuma daskarewa idan ya ji ƙara mai kaurin da ya yi daidai da na fikafikan rina.

Sai dai ba kowane gizo-gizo ke amsa tsoro iri ɗaya ba, kuma a nan ne maganar hali ta shigo. Susan Riechert ta Jami'ar Tennessee da Ann Hedrick sun yi aiki a kan wani nau'i mai suna Agelenopsis aperta, wanda ke shimfiɗa saƙa mai mazurari a gefe, inda yake maƙalewa. Sun kwatanta waɗanda ke zaune a busasshiyar ƙasa a jihar New Mexico ta Amurka, inda abinci ya yi ƙaranci kuma tsuntsaye ba su cika damun su ba, da waɗanda ke zaune a dajin bakin rafi a jihar Arizona, inda ƙwari suka wadata amma tsuntsaye ke cin su sosai. Sukan hura wa gizo-gizon iska, kamar tsuntsu ne ya kawo sura, sannan su auna tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya dawo bakin mazurarinsa. Na busasshiyar ƙasa suna dawowa da wuri, suna kuma afka wa ƙwaro ba tare da dogon nazari ba. Na bakin rafi suna jinkiri a duka biyun. Ƴaƴan da aka rena a ɗakin gwaji, waɗanda ba su taɓa ganin tsuntsu ba, sun taso da halin iyayensu, abin da ya nuna cewa akwai gado a ciki. A rahoton da suka fitar a 1993 sun ƙara nuna cewa ko a wuri ɗaya, wanda ya fi saurin dawowa bayan an tsorata shi shi ne kuma ya fi saurin kai wa abinci hari. Chadwick Johnson da Andrew Sih sun sami makamancin haka a kan Dolomedes triton, gizo-gizon da ke farauta a saman ruwa: macen da ta fi haɗama wajen cin ƙwari ita ce ta fi ƙarfin hali a gaban haɗari, ita ce kuma ta fi yawan afka wa namijin da ya zo neman ta.

Tsoro kuma yana da farashi ko da maƙiyin bai bayyana ba. Matthew Persons da Ann Rypstra da abokan aikinsu sun bincika wasu nau'i biyu na masu farautar ƙasa da ke zaune tare a gonakin waken suya na jihar Ohio, ƙarami mai suna Pardosa milvina da babba da ke cinsa, wanda a lokacin ake kira Hogna helluo. Idan aka ajiye ƙaramin a wurin da babban ya taɓa zama ya bar zarensa da kashinsa, sai ya rage yawo, ya rage cin ƙuda, ya rame, alhali babu kowa a wurin sai shi. Idan kuma babban ya ci ɗan uwan ƙaramin kafin ya bar alamar, tsoron ya fi tsanani fiye da idan gyare ya ci.

Duk wannan bayani yana komawa kan fitilar kai tsaye. Mutumin da ya shiga lambu da takunsa mai girgiza ƙasa, da numfashinsa, da farin haske mai kashe ido, shi kansa ya zama haɗari a lissafin gizo-gizo. Masu tsoro za su shige rami tun kafin ya iso, ko su daskare har ya wuce, waɗanda za su ci gaba da farauta a gabansa su ne masu tsaurin ido ko waɗanda yunwa ta ci ƙarfinsu. Sai ya koma gida ya rubuta cewa gizo-gizon wannan lambu ba su da tsoro, alhali rabin labarin kawai ya gani. Farin hasken yana da wata ɓarna ta biyu da ta fi wuyar lura: yana kiran ƙwari. A daren damina ba a yin minti biyu da kunna babban ƙwan sai ƙananan malam-buɗe-littafin dare da shinge da sauran ƙwari sun cika gaban fuska, suna shiga ido da hanci, suna kuma faɗawa cikin duk saƙar da aka haska. Wanda ke ƙirga abin da saƙa ta kama a wannan hali, ƙirga abin da shi ya kawo mata yake yi. Su kansu gizo-gizon sun san amfanin fitila. Astrid Heiling ta nuna a 1999 cewa wani mai zagayayyiyar saƙa da ke zaune a kan gada a birnin Biyana na ƙasar Austriya yana zaɓar wuraren da ke da hasken lantarki, domin a nan ƙwari suka fi taruwa. Duk wanda ya lura da kewayen ƙwan lantarkin ƙofar gidansa ya ga irin haka.

Jajayen ƙwayayen nan biyu su ne suka sa fitilar ta cancanci kuɗinta. Idanun mafi yawan gizo-gizo sun fi kama kore da wani haske da ke bayan shuɗi wanda idon mutum ba ya gani, ja kuwa da ƙyar suke ganinsa, shi ya sa masu binciken dare suka daɗe suna amfani da shi. Akwai wasu masu tsalle da ke bambance ja, amma su da rana suke harkarsu. Da jan haske na zauna gaban wata zagayayyiyar saƙa da aka kafa tsakanin itacen zogale da darni, mai ita tana tsakiya kanta a ƙasa, ba ta ko kula da ni ba. Wani ƙaramin ƙwaro ya faɗa gefen saƙar, ta tsaya cak, ta fizgi zare biyu da ƙafafun gaba kamar mai tambayar nauyin abin da ya shigo, sannan ta ruga, ta juya shi da ƙafafun baya tana naɗe shi, ta cije shi, ta koma tsakiya da shi a rataye. Da wata babbar buzuzuwa ta bugi saƙar, sai ta yi akasin haka, ta saki kanta a kan zare ɗaya ta faɗa cikin ciyawa, ba ta hauro ba sai da komai ya lafa. Irin wannan awo na abin da za a tunkara da abin da za a guje wa ban taɓa ganinsa da farin haske ba. Ƙwari ma ba sa damuwa da jan sosai, saboda haka fuska tana hutawa, kuma idon mutum ba ya rasa sabonsa da duhu.

Jan hasken yana da iyaka, kuma ya kamata mai saye ya san ta. Bai wuce taku biyu ko uku ba, ba ya fito da walƙiyar ido daga nesa, kuma launuka duk suna komawa ja da baƙi, ta yadda ba za a iya tantance nau'i da shi ba. Abin da ya fi wannan girma shi ne cewa ba ya nuna kunama ko kububuwa a kan hanya. Ban yarda ɗalibi ya yi tafiya da shi ba. Da farin ake tafiya, da rufaffen takalmi, sai an isa an zauna sannan a koma ja.

A daidai wannan sauyin ne babban aibin fitilar yake. Makunninta ɗaya ne tak, kuma yana bin jeri: dannawar farko fari mai ƙarfi, ta biyu fari mai rauni, ta uku fari mai walƙiya yana ɗaukewa yana kawowa, sai ta huɗu ja. Ba ta tuna inda aka tsaya, saboda haka duk lokacin da aka kashe ta aka sake kunnawa, sai an watsa wa abin da ake kallo haske iri uku kafin a kai ga wanda ake so, ciki har da walƙiyar nan da ban ga amfaninta ba sai ga wanda motarsa ta mutu a kan titi. Wanda ya shafe rabin sa'a yana jiran gizo-gizo mai ɗari-ɗari ya leƙo daga raminsa, dannawa ɗaya ta kuskure ta isa ta mayar da shi farko, kuma masu tsoron, waɗanda su ne aka fi wahalar gani, su ne wannan aibi ya fi kora. Maganin da muka samu shi ne a rufe fuskar fitilar da tafin hannu a danna sau huɗu sannan a buɗe. Yana aiki, amma haske na tsiyaya ta tsakanin yatsu, kuma makunnin yana yin wata ƴar ƙara mai kaifi wadda a cikin shirun dare ba ƙarama ba ce. Ƙarin makunni guda ɗaya na ja shi kaɗai da ya warware wannan duka, kuma ban ga abin da zai ƙara wa masu ƙera ta na kuɗi ba.

Duk da haka ta ba mu damar yin ɗan gwaji irin na Riechert da kayan da ba su fi ƙarfin makaranta ba. Mukan kafa tsinke mai lamba kusa da ramin kowace mace, mu hura mata iska da sirinji marar allura daga tazara ɗaya kullum, sannan ɗalibi ya riƙe agogon waya ya auna lokacin da za ta ɗauka kafin ta sake fitowa. Hannaye biyu suna buƙatar zama a sake, ɗaya na sirinji ɗaya na alƙalami, kuma a nan ma fitilar goshi ta yi abin da tocila ba za ta yi ba. Abin da nake nanata wa ɗalibai shi ne cewa awo ɗaya ba ya nuna hali. Wadda ta fito da sauri yau wataƙila yunwa ce ta koro ta, wadda ta noƙe wataƙila ta ƙoshi ne, ko tana shirin saɓa, ko tana tsaron ƙwai. Sai an maimaita a darare daban-daban, an ga cewa mai lamba kaza ita ce kullum a gaba, mai lamba kaza kullum a baya, sannan a fara maganar hali. Ko a hannun ƙwararru ma abin bai kai yadda ake zato ba: wani nazari na 2009 da Alison Bell da abokan aikinta suka yi a kan ɗaruruwan awo daga dabbobi iri-iri ya nuna cewa kimanin kashi 37 cikin 100 na bambancin ɗabi'a ne ke fitowa daga bambancin da ke tsakanin wannan dabba da waccan, sauran kuwa yanayi ne da sauyin rana. A namu ɗan aikin mun ga ramukan da masu su ke fitowa da wuri kusan kowane dare, da wasu da ke gwada haƙurin mai jira, amma yawancinsu a tsakiya suke, yau haka gobe haka.

Akwai dalilin da ya sa nake son a ɗauki bidiyon kowane awo, ba a dogara da littafi kaɗai ba. Daga shekarar 2020 mujallun kimiyya sun janye rahotanni da dama a kan halin gizo-gizon da ke zaman tarayya a gida ɗaya, bayan an gano cewa alƙaluman da aka gina su a kai ba su da gaskiya, kuma masu binciken da suka sake duba takardun awon ne suka tona abin. Fannin bai rushe ba, ayyukan da na ambata a sama suna nan, amma an koyi cewa awon da wani ba zai iya sake dubawa ba bai cika awo ba. A nan fitilar ta ci rabi ta faɗi rabi. Farinta mai rauni ba rage ƙarfi yake yi da gaske ba, kunnawa da kashewa yake yi da saurin da ido ba ya kamawa, amma kyamarar waya tana kamawa, sai bidiyon ya fito da baƙaƙen layuka suna gangarowa. Jan ba ya yin haka, sai dai ƙarancinsa yana sa hoton ya yi dishi-dishi, ana ganin lokacin da gizo-gizon ya fito amma ba a ganin ƙananan motsinsa.

Batirin shi ne wurin da aka yi ƙarya a fili. Irin wanda ake kira 18650 ne, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, kuma an buga masa 9900 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) a jiki, alhali mafi ingancin batir na wannan girman bai cika wuce 3500 ba. Da na ɗauke shi a hannu na kwatanta da wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta, rashin nauyinsa kaɗai ya isa shaida. A kan fari mai ƙarfi yakan fara dusashewa tun dare bai yi nisa ba, kuma babu wata alama da ke gargaɗi, sai dai mutum ya lura cewa ɗigon idanun da yake gani sun ragu, ya ɗauka gizo-gizon ne suka ragu. Wannan kuskure ne mai haɗari ga mai ƙirga. A kan ja kuwa yana kai mutum har ya gaji ya tashi. Abin yabo shi ne cewa murfin batirin yana buɗuwa da hannu, don haka ana iya sa mai kyau, ana iya kuma ɗaukar na biyu a aljihu. Kada a bar ta a cikin mota ko ƙarƙashin kwano a watannin bazara, domin zafin Afrilu da Mayu yana kashe irin wannan batir da wuri. Maɗaurin yana saki idan ya sha zufa, ƙurar hunturu tana shiga ramin caji saboda ƴar robar da ke rufe shi ba ta zama, yayyafi bai yi mata komai ba, amma ban gwada ta cikin ruwa mai ƙarfi ba kuma ban ga alamar za ta jure ba.

Wani zai ce wannan duk wahala ce a kan abin da ake sharewa da tsintsiya. Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer sun ƙiyasta a 2017 cewa gizo-gizon duniya, waɗanda nau'insu da aka sani ya haura 50,000 a yanzu, suna kashe tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. A yankin da manoma suka riga suka ga amfanin sakin ƴar ƙaramar rinar nan Habrobracon hebetor a kan murzunar da ke cin zangarniyar hatsi, ba sabon abu ba ne a ce wani ƙwaro yana yi wa gona aiki. Abin da binciken hali ya ƙara shi ne cewa yawan gizo-gizo a fangali ba shi kaɗai ke nuna yawan ƙwarin da za su ci ba, domin wanda tsoro ya hana fita kamar babu shi ne, kuma ciyawa ko kara da aka shimfiɗa a ƙasa suna ba shi maɓoyar da zai yi farauta daga cikinta. Mai lambun da ya zagaya fangalinsa da wannan fitila kafin feshi da bayan feshi zai ga da idonsa abin da maganin ya kashe bayan wanda aka saye shi dominsa.

Ga malamin makaranta, ko ɗalibin aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke neman kayan fara aikin fili da kuɗin aljihunsa, ina ganin a saye ta, da sharaɗin a canza batirin tun ranar farko kuma a saba da rufe ta da hannu. Ga wanda zai rubuta sakamakon da wasu za su dogara da shi, ba ta isa ba. A shago a gwada jan kafin a biya, domin akwai masu kama da ita sak waɗanda jan nasu walƙiya kawai yake yi ba ya tsayawa, kuma irin waɗannan ba su da amfani ko kaɗan a wannan aiki. A duba kuma ko kan yana tsayawa idan an lanƙwasa shi, a buɗe murfin a tabbatar batirin mai fita ne, ba wanda aka liƙe a ciki ba. Na tambayi mai shagon ko ana samun mai makunni biyu, ya ce, "Malam, sai dai in sa a kawo maka daga Kano, kuma kuɗinta ya ninka na wannan." Na ce ya sa a kawo guda biyu kafin damina ta sauka.